Awon Ƙarfin Aiki Bayan Jinyar Bairas: Sharhi Kan Ma'aunan Ƙetare a Karkarar Ɗanbatta

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar larurar da kan biyo bayan cutar korona. Ta bayyana ta da cewa alamomi ne irin su kasala mai tsanani, da ƙarancin numfashi, da dushewar tunani, waɗanda galibi ake samu wata 3 bayan kamuwa, su kuma daɗe aƙalla wata 2 ba tare da an sami wata cuta da za a jingina su gare ta ba. Ta ƙara da cewa yawanci sukan taɓa harkokin yau da kullum na mai fama da su. Da yake babu wani gwajin jini guda da ke tabbatar da wannan larura, sai nauyin awonta ya koma kan takardun tambayoyi. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗora fitattun ma'aunan nan bisa rayuwar magidanta da matan aure na karkarar Ɗanbatta. Abin da za mu nuna shi ne, kurakuransu duk gefe ɗaya suka karkata, watau nuna marar lafiya a matsayin lafiyayye.

2.0 Tushen Matsalar

An tabbatar da ɓullar korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020. A watan Yuni na shekarar, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da sanarwar cewa daga cikin mutum 979 da suka rasu a lokacin yawan mace-macen da aka yi a birnin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa suna da nasaba da cutar. Gwaji ya yi ƙaranci a birni ma, balle a ƙauye. Har wa yau ba korona kaɗai ke barin tabo ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, yakan bar kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga jinyarsa da raunin ji. Saboda haka ma'aikacin lafiya a asibitin Ɗanbatta yana iya haɗuwa da mutumin da zazzaɓi ya sake shi tun tuni, amma ƙarfinsa bai dawo ba. Da me zai auna shi?

3.0 Ma'aunan da Ake da Su

Uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne SF-36, wanda Ware da Sherbourne suka wallafa a Amurka a 1992. Na biyu shi ne WHODAS 2.0 na Hukumar Lafiya ta Duniya, na shekarar 2010, mai tambayoyi 36 ko kuwa 12 a taƙaitaccensa, wanda ke duba wahalar da mutum ya sha cikin kwana 30 da suka wuce. Na uku shi ne PCFS, wanda Klok da abokan aikinsa suka gabatar daga Leiden ta ƙasar Holan a 2020. Yana sa mutum a mataki daga 0, watau babu tawaya, zuwa 4, watau sai an yi masa hidimar jikinsa, bisa ga halin da ya kasance a makon da ya gabata. Dukkansu an yi su da ƙwarewa, kuma sun ba likitocin ƙasashe dabam-dabam damar kwatanta sakamako. Sai dai kowace kasuwa da mudunta.

4.0 Inda Suka Gaza

4.1 Irin aikin da ake tambaya

A asalinsa na Ingilishi, SF-36 yana misalta matsakaicin aiki da tura injin zuƙe ƙura da wasan golf, yana kuma tambaya kan hawa bene. An mayar da ƙanensa SF-12 zuwa Hausa, aka buga sakamakon a 2020, abin yabo ne kuwa, amma a kan masu ciwon baya aka gwada shi. WHODAS ya fi kusa da mu, domin yana tambaya kan tsayuwar minti 30, da tafiyar kilomita guda, da wanka, da sa tufafi. To amma mutum yana iya cika waɗannan duka, alhali ba ya iya duƙawa da fartanya daga hantsi zuwa azahar. Haka nan mace tana iya wanka da kanta, amma taɓarya ta gagare ta, ta kasa surfe da daka da jan guga da tuƙa tuwon gida mai yawan baki. A Ɗanbatta waɗannan ne ayyukan yau da kullum. Ma'aunin da ya sa shingensa ƙasa da su, kowa zai tsallake.

4.2 Lokacin da ake tambaya

Aikin manomi ba daidai yake a duk shekara ba. Daga saukar damina wajen watan Yuni, shuka da noman fari da maimai sukan zo a jere, ba sa jiran kowa. Sai girbin gero da wake da gyaɗa da dawa da kaka. Da rani kuwa, in ban da masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas da masu fita cin rani, aiki yakan yi sauƙi. Idan aka tambayi magidanci a watan Maris ko ya rage aikinsa a makon jiya, zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. PCFS zai sa shi a mataki na 0 ko na 1. Shi ɗin dai idan aka tambaye shi a watan Yuli, ciyawa ta ci gonarsa, yana iya faɗawa mataki na 3. Jikin ɗaya ne, watan ne ya sauya.

4.3 Wanda ya yi aikin

Aikin gona da na gida a nan na taro ne. Maigida ya kwanta, 'ya'ya da ƙanne su rufa masa asiri a gandu, ko a ɗauki 'yan ƙodago, ko a sayar da akuya ranar kasuwa a biya su. Uwargida ta gaza, kishiya ko 'ya ko suruka ta karɓi girki. Idan aka tambaya ko ayyukan gida suna tafiya, amsar ita ce suna tafiya. Asarar tana nan, sai dai ta koma kan yarinyar da aka tsayar daga makaranta da dabbar da ta bar turke, kuma ba kowace takarda ke da gurbinta ba.

4.4 Abin da ke biyo bayan aikin

Wannan ne naƙasu mafi girma. Wasu masu wannan larura jikinsu kan rushe bayan sun motsa, galibi awa 12 zuwa 48 bayan aikin, rushewar kuma ta ɗauki kwanaki. Manomin da ya cije ya nome kunya ashirin ranar Asabar, ya kwanta har Talata, idan aka ce masa, "Malam, kana iya noma?" zai ce yana iyawa. Ga kuma kunya da dauriya: Bahaushe ko yana kwance cewa yake "da sauƙi", kuma ba ya so a kira shi rago. Masu bincike a Norwe, Sommerfelt da abokansa, sun lura da wannan giɓi, suka fitar da FUNCAP a 2024 domin masu ciwon kasala mai ɗorewa. Maimakon ya tsaya ga iyawa, yana tambayar abin da aikin ke jawo wa mutum a ranar da kwanakin da ke biye. A ganinmu wannan ce hanya madaidaiciya, ko da yake shi ma ayyukan da ya lissafa na rayuwar Turai ne.

5.0 Shawarwari

Ba mu ce a yar da waɗannan ma'aunai ba, cewa muka yi a yi musu ƙari da tambayoyin gida. Da farko, a gina jerin ayyuka daga bakin manoma da matansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, kowane aiki a bi shi da tambaya: bayan ka yi, kwana nawa ka yi kafin ka iya maimaitawa? Na uku, a riƙa kwatanta daminar bana da ta kafin jinya, a kuma rubuta watan da aka yi tambayar. Na huɗu, a tambayi wanda ya karɓi aikin da abin da aka sayar. Na biyar, a yi amfani da matakan da jama'a suka riga suka sani, alal misali salla: a masallaci cikin jam'i, ko a gida a tsaye, ko a zaune, ko a kishingiɗe. Wannan tsani ne da ake hawa sau biyar a rana, rani da damina, kuma ba a jin kunyar faɗinsa tun da shari'a ta yi rangwame a kansa. Na shida, a yi tambayoyin da baki, mace kuma mace ta tambaye ta. Dole ne dai a tuna cewa ma'auni ba ya gano cuta. Wajibi ne likita ya fara kawar da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da tarin fuka da ciwon sukari.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda irin aikin, da lokacin tambaya, da taimakon dangi, da ɓoyuwar abin da ke biyo bayan aiki suka haɗu suka rage girman larurar a kan takarda. Illar haka ba ƙarama ba ce: wanda takarda ta ce lafiyarsa lau za a sallame shi da maganin ƙarin jini, gida kuma a ɗauke shi malalaci, ya ƙara matsa wa kansa, jikin ya ƙara rushewa. Aikin gyaran ba na likitoci kaɗai ba ne. Masana harshe da malaman kwalejoji suna da rabonsu, domin su ne za su tantance bambancin gajiya da kasala da mutuwar jiki a bakin mutumin Ɗanbatta, kafin a sa wa kowace lamba.