Wa Kwikwiyon Ya Bi? Nazari a Kan Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

An saba sanya Balaraba Ramat Yakubu a sahun marubuta littattafan soyayya na Kano, amma duk lokacin da na koma wa Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, sai in tarar maganar cefane ta fi maganar so yawa a cikinsa. A wurin wannan marubuciya, mizanin ƙaunar miji shi ne abin da ya ajiye wa iyali kafin ya fita kasuwa. Da wannan mizani ta auna Alhaji Abdu, ta same shi da tauye mudu.

Jigon labarin sananne ne. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, ta jure rowarsa shekara da shekaru, sai ya auro Delu, ya kore ta da yaranta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ciyar da su, har 'yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Abdu, gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delun da ya fifita kuma ta juya masa baya.

Da a nan aka rufe littafin, da ya zama wa'azi irin wanda sunansa ya yi alkawari: mugu ya girbi abin da ya shuka, mai haƙuri ya dafa dutse. Na yarda da masu cewa gobarar ta zo a kan gaɓa fiye da kima, kamar marubuciyar ce ta kunna ashana da hannunta. Haka kuma Delu ba ta samu adalcin da aka yi wa Rabi ba. An zana ta da baƙin fenti tun daga shigowarta, ba a tsaya an tambayi abin da ya mayar da ita haka ba.

Sai dai ƙarshen littafin ya wanke waɗannan kurakurai a idona. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafafunta, sai maza na kusa da ita suka taru a kanta, ana tuna mata darajar 'ya'ya, har ta amince da mayar da auren da zuciyarta ba ta so. Abdu ya yi asarar dukiya, amma ya samu tuwo da wurin kwana. Rabi, wadda ba ta ci amanar kowa ba, ita aka ɗora wa nauyin ciyar da wanda ya wulaƙanta ta. To, wa kwikwiyon ya bi ke nan?

A nan nake ganin zurfin fahimtar Balaraba game da halin ɗan Adam. Waɗanda suka matsa wa Rabi ba azzalumai ba ne. Masu ƙaunarta ne, kuma sun gaskata cewa alheri suke yi mata. Marubuciyar, wadda ita kanta aka aurar da ita tun tana yarinya ƙarama, ta san yadda ake danne mace da tattausar murya, kuma ba ta yi wa mai karatu ƙaryar cewa Rabi ta koma cikin farin ciki ba.

Lokacin da Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012, na yi ta tunanin yadda baƙo zai karanta wannan komawa. Wataƙila ya ɗauke ta a matsayin sulhu. Ni dai na karanta shafukan ƙarshe sau uku, ina neman inda aka tambayi Rabi abin da take so aka kuma saurari amsarta, ban samu ba.