Zambo da Muzanta Halitta

Masu yi wa 'yan fim ba'a a TikTok saboda gajarta ko ƙiba sukan fake da cewa zambo gadonmu ne. Ba mu gamsu da wannan hujja ba. Gaskiya ne zambo yakan taɓa halitta. Amma makaɗin fada, a ƙofar 'Yandaka a Dutsin-Ma ko ta Maraɗi a Kurfi, idan ya siffanta wani da biri, abokin hamayyar ubangidansa yake kassarawa, kuma ba ya kama suna. Mai tsarguwa shi ke tona kansa. Hatta "Gagarabadau" ta Shata, wanda ya rasu a 1999, har yau ana gardamar wanda take nufi. Su kuwa waɗannan, hoton mutum suke liƙawa da sunansa, alhali ba wata sarauta da ake takara a kanta.