Taku uku tsakanin shinge da shinge

A tseren tsallake shinge na mita 100 na mata, shinge goma ake jerawa, tsakanin kowane biyu mita 8.5, kuma taku uku kacal 'yar tsere ke yi kafin ta sake tashi. Tobi Amusan ta Najeriya ta gama wannan duka cikin daƙiƙa 12.12 a Eugene ta Amurka a 2022, ta kafa tarihin duniya. Daga sauka bayan wani shinge zuwa sauka bayan na gaba, abin kusan daƙiƙa ɗaya ne. Wane ido zai kama inda kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ya salwanta?

Shi ya sa nake goyon bayan ƙananan na'urorin auna motsi da ake ɗaura wa 'yan tsere a idon sawu, a takalmi ko a ƙugu. Suna auna ƙaruwa da raguwar gudu da juyawar gaɓa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, har a san tsawon lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa da wanda jiki ya yi a iska. A da, koci kan danna agogon hannu a kowace sauka, ko ya zauna da bidiyo yana ƙirga hoto ɗaya bayan ɗaya. Yatsa kuwa yana makara.

Amfaninsu ya fi fitowa a tseren mita 400, inda tazarar shinge ke mita 35. Edwin Moses ya yi suna da taku 13 a kowace tazara har ƙarshe. Yawancin 'yan tsere ba sa iya haka; gajiya na kama su, su koma 14 ko 15, wani lokacin dole su sauya ƙafar da ke gaba. Na'urar tana nuna shingen da taku ya fara gajarta, tun kafin mai gudun ya ji a jikinsa, sai koci ya tsara masa inda zai sauya da gangan maimakon ya tsinci kansa yana ƙananan taku a bakin shinge.

Abin da ke damuna shi ne masu karɓar lambobin ido rufe. Maɗauri ya ɗan saki, na'urar ta zame a fata, lissafi ya karkace. Ko da lambar daidai ce, ba ta faɗin dalili. Za ta ce yarinya ta daɗe a iska kan shinge na bakwai. Kocin da ke wurin ranar da ta bugi shinge ta faɗi shi ne ya san tsoro ke ɗaga ta sama, kuma shi zai sauke mata shingen ƙasa su sake farawa a hankali.