Littafin Baba ta Karo da Zancen Kulle

Ku 'yan makaranta, akwai littafin da nake so ku nema, watau Baba of Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar nan Baba a Giwa, ƙasar Zazzau, a 1949 da 1950, tana rubuta labarinta, kana ta juya shi da Ingilishi, aka buga a Landan a 1954. Baba ba ta gan shi ba, gama ta rasu a 1951.

Baƙo in ya ga zaure da katanga, sai ya zaci shiru ne kurum a bayansu. Labarin Baba ya ƙaryata wannan zato. Ga ƙawaye, ga biki, ga kishi, ga sana'ar cikin gida wadda yara ke kai wa talla. Duk wanda ya tashi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya sani kuɗin fura da ƙuli-ƙuli na uwarsa ne, maigida ba shi da iko da su. Nan littafin ya fi ƙarfi.

Amma fa ina da ƙorafi. Maganar ta Baba ce, alƙalamin na wata ne, harshen kuma na baƙi. A Bengal ta Indiya, Rokeya, wadda ta tashi cikin kulle mai tsanani, da hannunta ta rubuta tatsuniya a 1905, inda maza ne ke tsare a gida. Baba kuwa, sau da yawa kana jin amsa take bayarwa, ka rasa abin da za ta ce da ba a tambaye ta ba.