Komin dabbobi a shekarar yaƙi

A Kirsimetin 1223, a wani kogo kusa da ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya, Faransis na Assisi ya sa aka kawo komin dabbobi aka cika shi da ciyawa, aka ɗaure sa da jaki a gefe, aka yi sujadar dare a wurin. Toma na Celano, wanda ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa burin Faransis shi ne jama'a su gani da idonsu irin rashi da ƙuncin da aka haifi Yesu a ciki. Daga nan akasari ake lissafin al'adar nan ta shirya siffar wurin haihuwa a coci da gidaje.

Sai dai al'ada, idan ta daɗe a hannun masu hali, takan yi ƙiba. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare, attajiran birnin Naples suna gasar wanda nasa zai fi ado: mutum-mutumi sanye da alharini, da kasuwa, da makaɗa, har jaririn ya kusa ɓacewa cikin taron. Gwaninta ce ta gaske, ba na musun haka. Amma kogon da aka shirya don a tuna da talauci ya koma wurin nuna arziki, ga ciyawa tsaf, babu warin dabba, babu tsoro a fuskar kowa.

Labarin da Luka da Matiyu suka rubuta kuwa cike yake da tsoro. Umarnin Kaisar Augustas ne na ƙidaya ya tilasta wa Yusufu da Maryamu tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki. Ba su samu masauki ba. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji. Bayan haka sarki Hirudus ya sa aka kashe 'yan yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa, iyalin suka tsere Masar cikin dare, suka zama 'yan gudun hijira. Kalandar ikkilisiyar Yamma ma ba ta ɓoye wannan ba: ranar 26 ga Disamba ta Istifanas ce, wanda aka jefe shi har lahira, ranar 28 kuma ta yaran Baitalami. Waɗanda suka jera ranakun nan sun san abin da suke yi. A imanin Kirista, Allah ya shigo duniya ne a matsayin jariri marar ƙarfi a ƙasar da ke ƙarƙashin mamaya, kuma bai jira sai ƙura ta lafa ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Baitalami a 2023, shekara 800 cif bayan Greccio, ya cancanci nazari. Saboda yaƙin Gaza, shugabannin coci-coci na Urushalima suka nemi a dakatar da shagulgula, ba a kafa bishiyar Kirsimeti a dandalin Baitalami ba. A cocin Lutheran na garin, Fasto Munther Isaac da jama'arsa suka tara ɓaraguzan gini, suka kwantar da siffar jaririn a kai, naɗe da mayafin nan na Falasɗinawa. Wasu suka ce an cusa siyasa cikin ibada. Kukansu yana da tushe, domin duk ranar da wani ɓangare ya ɗauki jaririn nan tamkar tutarsa shi kaɗai, an rage shi. Uwar da aka kashe wa ɗa a ɗaya ɓangaren, a harin ranar 7 ga Oktoba da ya tayar da yaƙin, ita ma tana da wuri a gaban komin. Duk da haka, a ganina ɓaraguzan nan sun fi alharinin Naples kusa da abin da Faransis ya nufa. Ba su ƙara komai a kan labarin ba. Adon da ya rufe shi kawai suka yaye.

Kiristocin arewacin Nijeriya ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Sun ga bama-baman jajibirin Kirsimeti a Jos a 2010, da na cocin St. Theresa a Madalla ranar 25 ga Disamba 2011, lokacin da mutane ke fitowa daga sujada, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a 2023. A coci-coci da yawa masu sujada da Hausa, wasan kwaikwayon yara ne ke ɗaukar aikin da mutum-mutumi ke yi a Turai, kuma can ne ake yanke shawarar da ta fi muhimmanci: a tsaya a kan mala'iku da kyautar masanan gabas, ko a ci gaba har zuwa Hirudus da gudun Masar. Ina roƙon malaman Lahadi kada su yanke wannan kashi don gudun ɓata wa jama'a rai. A cikin masu kallo akwai matan da suka goya jarirai suka bar ƙauyensu cikin dare, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ya ambace su.