Mai Tonon Asiri a Fadar Gwamna

Masu nazari sun saba karanta littafin All the King's Men na Robert Penn Warren (1946) a matsayin hoton Huey Long, gwamnan jihar Luwiziyana ta Amurka daga 1928 zuwa 1932, wanda ya shimfiɗa hanyoyi, ya raba wa 'yan makaranta littattafai kyauta, ya kuma mallake majalisa da kwaɗaitarwa da barazana, har aka harbe shi a 1935.

A ganina, nauyin labarin yana wuyan mai ba da shi, Jack Burden, ɗalibin tarihi da ya mayar da iliminsa makami. Gwamna Willie Stark ya aike shi neman laifin Alƙali Irwin. Ya tono tsohon cin hanci, alƙalin ya kashe kansa, sannan ta bayyana cewa mahaifinsa ne. Da wannan Warren ya nuna cewa azzalumi ba ya cin zali da hannunsa kaɗai. Sai da masu alƙalami.

Ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk ɗalibin da ke mafarkin aiki a fadar gwamna, da shi littafin yake magana.