Mun Yi Wa 'Yan Mata Wa'azi, Mun Ƙyale Samari

Mu da muka haura hamsin mun san yadda abin yake a da. Yarinya ta fito tallan koko a Bulpiela, ko an aike ta kasuwar Aboabo, samari na zaune a bakin hanya. Wannan ya yi mata fito, wancan ya riƙe mata hannu da sunan karɓar canji. In ta koma gida da kuka, tambayar farko ita ce: "Ke me ya kai ki wajensu?" Sai manya su ce ai namiji ne, haka suke, a rufa asiri kar ta rasa miji. To asirin wa aka rufa? Na mai laifi.

Mu malamai ma muna da kashi a gindinmu. Shekara da shekaru muna hawa mumbari muna maganar mayafi, kuma gaskiya muka faɗa, amma rabinta. A Suratun Nur, umarnin runtse ido ya fara sauka kan maza a aya ta 30, kafin a zo kan mata a ta 31. A Suratul Ahzab muna karanta aya ta 59 kan lulluɓi mu tsaya. Ta 58 ta ɗora zunubi bayyananne a kan masu cutar da muminai maza da mata, ta 60 kuma ta yi wa munafukai da masu cutar zuciya barazanar kora daga Madina. Me ya sa ba mu ƙarasawa?

Bukhari ya ruwaito cewa a Hajjin Bankwana Fadlu ɗan Abbas ya ƙura wa wata mata 'yar ƙabilar Khas'am ido tana tambayar Annabi (SAW). Fuskar Fadlu Annabi ya kawar, sannan ya amsa mata tambayarta. Haka hadisin Abu Sa'id al-Khudri kan haƙƙin hanya: masu zaman majalisa aka ɗora wa runtse ido da kame cuta.

Mun taɓa zama kan ƙarar wata ɗaliba da wani babba ya matsa wa lamba. Aka yi sulhu, aka cire ta daga makaranta, shi ya ci gaba da sallah a sahun gaba. Mun yi shiru a ranar. Allah Ya yafe mana.

Hukuma ta riga mu motsawa. A 1998 'yan sandan Gana suka buɗe sashen mata da yara wanda yanzu ake kira DOVVSU. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ambaci irin wannan cin zarafi a wurin aiki, dokar rikicin cikin gida ta zo a 2007. A 2019 BBC ta fallasa malaman jami'a a Legon da Legas masu neman ɗalibansu. Abin kunya ne a ce mu masu Littafi mu ne na baya.

Saboda haka, in 'yarka ta kawo ƙara, ka saurare ta kafin ka tuhume ta. In ɗanka ne ya yi, kar ka ce ƙuruciya ce. Abin da ya kai ga taɓa jiki, a kai shi hukuma. Wannan ba tonon silili ba ne, hana ɓarna ne. Mu kuma huɗubarmu ta gaba, da samari za mu fara.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.